Itace Mai Laya a Tsohon Lambu

Jama'a, ku ji abin da ya same ni!

Yau hutun bikin 'yancin kai, sai na kai yarana tsohon lambun bakin mayo, wato kogi, wanda En'e ta gada tun zamanin Jamus. Ladi tana goye a bayana. Ina waiwayawa na ga yayanta Bitrus yana haɗiyar wani abu a gindin itacen da aka ɗaure wa laya.

Wani tsoho, mai gadin lambun, ya rugo yana ihu: "'Ya'yan itacen nan guba ne! Don in tsorata yara na ɗaura laya ɗin nan!"

Bitrus ya ce, "Mama, ai a ƙauyenmu Vimtim itace mai daɗi ake ɗaure wa laya."

Wayyo Allah! Tsohon ya ɗura masa ruwan gishiri har ya yi amai. Muka tona aman da tsinke, ƙwaya uku.

"Nawa ka tsinka, jikana?"

"Huɗu, Baba."

"Ina ɗayar?"

Ya nuna bayana. "Na ba Ladi."

Ban san sa'ad da na kwance zani ba. Bakinta babu komai. Na ɓamɓare hannunta da ƙarfi. Ga ƙwayar nan jiƙe da yawu, da shatin haƙori biyu, ba ta fashe ba!