Yadda Na Raka Biri Ganin Likita a Gaya

Gafasa zuwa Ajingi

Ranar Talata, ana sallame sallar asuba, ƙarfe biyar da rabi a agogon Kaka, muka bar Gafasa mu uku: Kaka a kan keke, biri a kan kariya, ni a ƙasa. Ku 'yan ajinmu da kuka ce Sale ya ji daɗi zai ga Gaya, ku saurari irin daɗin.

Kun san ni ne Auta a gidanmu. Shekara goma sha biyu kakana yana kirana da sunan nan, har ranar da ya dawo daga farauta da jaririn biri a aljihun taguwa. Daga ranar sunan ya koma kan mai jela, ni na zama "kai yaro". Soyayyar gyaɗa ta Auta ce, ayabar kasuwa ta Auta ce. Bara da na yi masassarar kwana bakwai, jiƙon maɗaci aka ɗura mini. Shi kuwa daga kumburi ya fito masa a cinya ya fara ɗingishi, wai sai likitan dabbobin da ke zuwa Gaya daga Kano.

Inda yashi ya yi yawa Kaka ya sauka, na karɓi turin keke, maigida biri yana zaune yana kallon gonaki.

"Kai yaro, a hankali, kada ka girgiza shi."

"Kaka, ni ma ƙafata ta kumbura."

"Taka ai biyu ce, ka taka ɗayar."

"Shi huɗu gare shi!"

"Shi ba ya mayar mini da magana."

Ajingi zuwa Gaya

Ƙarfe takwas muka isa Ajingi, muka bar keke a wurin wani tela. Kaka ya sayi ƙosai na kwabo uku. Auta ya ci biyar, ni na ci ƙamshi da guda ɗaya da ya yar. Sai sha ɗaya saura kwata akori-kura ta cika. Direban ya leƙo ya ce, "Baba, birin nan kaya ne ko fasinja?"

"Fasinja ne, gaba zai zauna."

"To, sule biyu, kamar mutum. Yaron fa?"

"Wannan kaya ne. Ɗora shi kan buhuna."

Direba ya ce mil goma ne. Ni ƙashin bayana ya ƙirga ɗari. Tun da aka koma tuƙi a hannun dama mutumin nan bai yanke shawara ba, tsakiyar hanya yake bi yana salati. A shingen shiga gari wani ɗan sanda ya sara wa biri, ya tambaye shi ko ya biya haraji, har ya ba shi rake. Ni ko kallon saman mota bai yi ba.

Muka sauka a zauren wani maƙeri abokin Kaka. Tuwon dawa da miyar kuka aka kawo, kuma tabarma biyu ce a zauren. Ba sai na faɗa muku wanda ya kwana a kan buhu ba.

Gaya, ranar Laraba

Ƙarfe tara likita ya iso ofishin dabbobi, siririn mutum mai tabarau. Fulani sun cika wurin da shanu, amma yana ganin biri ya ce mu fara shiga. Ya yi masa allura, Auta ya ɓingire, Kaka ya juya fuska ga bango yana jan carbi. Ni na ƙura ido. Likita ya tsaga cinyar, ya lallaɓo wata jaka mai ruwa kamar ƙwan agwagwa, cikinta farare-fararen ƙwayoyi kamar tsakin gero. Ya ɗinke, ya sa jakar a kwalba.

"Baba, ka san tsila, doguwar tsutsar nan mai faɗi? A hanjin kare take zama, ƙwayayenta su fito cikin kashinsa. Birinka ya ci abinci a ƙasa inda karnuka ke kashi, suka ƙyanƙyashe a jikinsa suka yi wannan gida. Ka gode Allah a cinya suka tsaya. Da a ƙwaƙwalwa ne, da gawa ka kawo mini."

Kaka ya ce, "Haba, Likita! Auta a ƙofar ɗakina yake ɗaure, a kwanonsa yake ci. Karnuka suna can bayan rumbu."

"To, ko dai karnukan ne ke zuwa wurinsa."

Idon Kaka ya kaɗa. "Kare ɗaya ne ke shiga tsakar gida, Baƙin-Baki, na yaron nan. Muna komawa zan ɗauki bindiga."

Baƙin-Baki ne kaɗai a gidanmu yake ganina ya yi murna, kuma ni na san bai taɓa kusantar biri ba, tsoronsa ma yake ji. Sai na ce, "Kaka, ba karen ne ya je ba. Birin ne ya je."

"Da igiyarsa?"

"Ni nake kai shi. Duk ranar da ka tafi kasuwa sai in cire turkensa in kafa bayan rumbu. In cinye gyaɗar, in watsa masa saura a ƙasa. Kafin ka dawo in mayar da shi."

Kaka ya fara lalubar sandarsa. Likita ya sauke tabarau ya ce, "Da hannunka kake kafa turken a cikin ƙasar nan? Kana wanke hannu kafin ka ci gyaɗar?"

"Wani lokaci," na ce. Ƙarya ce, ko sau ɗaya ban taɓa wankewa ba.

"Ai mutum ma tana kama shi, Baba, ko da yake ba kasafai ba."

Ku zo ku ga tsoho! Ya yar da sanda, ya fizge rigata, yana matsa mini hammata da wuya da ciki. "Ina ke maka ciwo? Kanka fa? Auta, yi magana mana! Likita, bar birin nan, duba mini Auta!"

Ni kuwa na lumshe ido na ce ko'ina ciwo yake. Likita ya lalube ni tsaf, bai sami komai ba sai ƙashin haƙarƙari. Ya ce in ƙulli ya fito a kai ni asibitin mutane. Ya ba mu maganin karnuka duka, ya hana a jefa musu ɗanyen zomo ko kan rago, ya ce a riƙa binne kashinsu.

Komawa gida

Ƙarfe biyu muka sami motar Ajingi, na zauna a gaba, biri a cinyata yana layi. Daga Ajingi ni ne a kan kariya, Kaka na tuƙi yana ta faɗa har Gafasa: ɓarawon gyaɗa, mai baƙin ciki da dabba, wanda ya sa aka kusa harbe kare a banza. Ban ji zafi ba, don kowace jimla da Auta yake rufe ta. Biri ya farfaɗo sosai a bakin gari, ya ga ni ne a wurinsa, ya cire mini hula ya jefa gona.

Mun shiga gida ana kiran magariba. Hukuncina shi ne sharar bayan rumbu kullum da safe har girbi, kuma ni ke wanke wa mai jela ciwo. Na gode wa Allah da ya dawo da mu lafiya, na gode wa likita da maƙerin da ya sauke mu. Baƙin-Baki ya sha maganinsa, yana nan kwance a ƙafata ina rubutu. Sunan dai yanzu mu biyu ke amsawa, amma in Kaka ya kira, ni nake riga shi cewa na'am.