Albasar Janbako da Takarda Marar Hatimi

A shekarun da ake gina madatsar ruwan Bakolori, aikina karanta sanarwa ta lasifika daga cikin mota. Daga gidan rediyo aka aro ni, inda aka horar da mu a kan abu ɗaya: kowace magana a faɗi mai ita, kada a ƙara mata nauyi, kada a rage.

Wata ranar kasuwar Janbako muka taso daga Talata Mafara da takardar wani injiniya, rubuce da Turanci. Ya auna gaɓar kogi, ya ce a lissafinsa ruwa zai hau fadama kafin albasa ta ƙosa. Babu sa hannun hukuma, babu hatimi. Jami'in da ke tare da ni ya ce in sanar cewa dole kowa ya cire albasarsa a makon nan.

Na ce, "Ranka ya daɗe, takardar ba ta ce haka ba."

"Kai alƙali ne ko mai shela? Manomi ba ya motsi sai ya ji dole."

Na karanta yadda aka rubuta. Wani dattijo ya bar tabarmarsa, ya zo ya dafa ƙofar motar. Sai da ya gaishe ni har gida da gajiya, sannan ya tambaya.

"Ɗana, wagga magana doka ta, ko zato na? In na cire albasata yanzu ɗanya take, ruɓewa za ta yi kafin ta ga Mafara."

Jami'in ya taka mini ƙafa. Ban kashe lasifikar ba.

"Baba, zato ne. Na mai ilimi ne, ya yi awo, kada ka raina shi. Amma ba wanda ya umarce ka. Gonarka ce, je ka duba ruwan da idonka."

Duk kasuwa ta ji. Washegari aka karɓe lasifikar, aka ba ni teburi da tarin takardu in jera.

Ruwan ya hau. Ya ci albasar dattijon da ke bakin kogi, ta tudu kuma dattijon ya kwashe ta a ƙoshe. Jami'in ya zo har teburina da rabin labarin na farko, na albasar da ruwa ya ci, yana murmushi, ya ce in na yi hankali motar na nan.

Na ce ya kawo takarda mai hatimi, zan faɗi dole har a ji ni a Bakura. Bai kawo ba. Na ci gaba da jera takarduna.