Gyambon Ɓarin Dama

Na faɗo daga hawa na uku a wani gini da muke yi wa fenti a unguwar Mohandessin. Ƙashin bayana ya tsage. Wata biyar na yi a kwance.

Ɗaliban da muke haya tare a unguwar Ard al-Liwa su suka yi jinyata. Babbansu, wani malami ɗan Damagaram, ya kwantar da ni ta ɓarin dama, fuskata na kallon alƙibla. Ya ce in ajali ya zo, ya same ni a kan sunna. Ko na zame sai ya gyara ni. Ban hana ba. Daga ƙugu zuwa ƙasa da ƙyar nake jin taɓi.

Wari ne ya tona. Da suka ɗaga ni, ƙuguna na dama ya huje, ramin ya kai bakin kofin shayi. Likita ya yanke baƙin naman, ya ce in ya kai ƙashi, sai dai addu'a.

Malam yana da abokin karatu, Musulmi ɗan ƙasar Sin, jikan mai magani. Ya zo da jan man shafawa na riɗi da kakin zuma da wata saiwa, da naɗin busasshen ganye kamar taba. Da ya kunna, na ɗauka lalas zai yi mini.

"Malam, gaya masa ni ba raƙumi ba ne."

"Ma'alish, ba komai, Kawu, ba zai taɓa ka ba."

Bai taɓa ni ba. Ɗumin kawai ya riƙa zagayawa da shi gefen ramin. Ya ce jini ne ya kwanta a wurin kamar ruwan kwatami, sai ya gudana sabon nama zai tsiro. Sannan ya tambaya sau nawa ake juya ni. Ba a taɓa juya ni ba.

Malam ya faɗa masa dalili. Mutumin bai yi gardama ba. Ya sa suka ɗaga katifar da ni a kai, inda kai yake ƙafa ta koma. Suka mirgina ni hagu. Ga ni dai ina kallon alƙibla. Daga ranar, hagu da rigingine, suna karɓa-karɓa.

Malam ya nemi gafarata. Na ce ya bari, ni ma ban sani ba.

Ramin ya cike a wata uku. Ko man ne, ko wuƙar likita, ko juyin, ban sani ba.

Yanzu gadi nake a ƙofar wani gida a Mohandessin, da sandata. Ba na daɗewa a zaune.