Bayan Labulen Mai Gyaran Kujera

Ba a banza ake ce wa mai gyaran kujerun nan na bakin layi Sai-Na-Gani ba. Ko ruwa ka miƙa masa sai ya leƙa cikin kofin. Tun da wani abokin aikinsa ya rabu da shi ya buɗe shago a tsallaken titi, ya rantse ba mai ƙara ganin cikin kujerarsa. Sirrin kuwa bai taka kara ya karya ba. Robobin da ke ƙarƙashin soso, saƙa su yake yi kamar tabarma, ya ninke bakin kowace kafin ya buga ƙusa. Shi ya sa yadin kujerarsa kan mutu ita ba ta lotsa ba. Da ya zo wannan gaɓar sai ya ja labule, ko 'yar cikinsa ba ta leƙowa.

To, amma ido ya fara hazo, masu kawo aiki sun ja baya. 'Ya'ya duk sun kama gabansu, saura Auta mai ɗinka yadi, ita ma wani kamfani na zawarcinta. Ta faɗa masa ƙiri-ƙiri: za ta ba shagon shekara mai zuwa, in bai tashi ba ta tafi. In ta tafi kuwa, kwaɗo ne a ƙofa.

Wata rana ta dawo daga taron masu ƙananan sana'o'i, bakinta cike da labari.

"Baba, an ce baɗi hoto kawai ba zai sayar da komai ba. Yanzu kowa na iya sa na'ura ta zana masa kujerar da babu ita a duniya, mutane sun daina yarda. Gajeren bidiyo ake so, a ga hannun mai sana'a yana aiki."

"A ga hannuna? Wa zai gani?"

"Kowa."

"Har na tsallaken titi ke nan."

"Haba Baba, mutumin nan ko saƙo bai iya buɗewa ba."

"Haka yake so ki ɗauka."

Ya yi ta jujjuya maganar. Su wa suka shirya taron? Me ya sa kyauta? Ruwa dai ba ya tsami banza. Can sai ya ce ya yarda, har da murmushi, wanda duk wanda ya san shi da ya sha jinin jikinsa. Ya yaye labule, Auta ta ɗaga waya, shi kuma ya jera robobin a miƙe, ba saƙa, ba ninki, ƙusa ɗai-ɗai, yana bayani da fuskar dattijon kirki. A ransa cewa yake, ɓarawo ya kwafa, kujerunsa su zube da masu su.

Abin haushi, bidiyon ya karɓu. Saƙonni suka yi ta shigowa, aiki ya taru. Shi kuwa kullum idonsa na tsallake, yana jiran ranar da za a dawo wa maƙwabcin da kujera a burme. Shiru kake ji, mutumin na kan bencinsa yana korar ƙuda.

Ana cikin haka aka yi masa aikin ido, likita ya hana shi fita. Ranar da ya koma shago, ya tarar da labulen a buɗe, Auta a ciki, hannu duk gam, gabanta kujera sabuwa fil.

"Aiki ya yi yawa, ban so in dame ka ba," in ji ta. "Na san ba ka son koyarwa, sai na koya a bidiyon. Na kalle shi har na haddace, ko ƙusa ɗaya ban canza ba. Kuma na gaya wa kamfanin nan su nemi wata."

Ya ƙura wa kujerar ido. "Wannan ce kika fara yi?"

"A'a, wannan taka ce. Sauran an kai wa masu su." Ta ɗaga waya, farin ciki kamar ya kashe ta. "Zauna, Baba, mutane su gani."

Ya danna mazaunin da tafin hannu, ya ji robar ta amsa masa yadda ya tsara ta amsa wa wani. A tsallake, maƙwabcin na gyangyaɗi.

"Auta, ajiye wayar. Kifa kujerar, ki miƙo mini abin cire ƙusa."

Murmushinta ya gushe a hankali. "Ba haka kake yi ba, Baba?"

Mutumin da ke leƙa cikin kofin ruwa ya kasa duban idon 'yarsa.