Tsagar Fuskar Inna Tasallah

Ni Sabuwa, shekara shida na yi ina haya a gidan Inna Tasallah a unguwar Ƙuba, tun zuwana Madina aikin ɗinki a 1993. Tsohuwa ce mai faɗa, ni ma ba kanwar lasa ba ce, don haka muka daidaita. Kullum bayan La'asar takan ɗauki faifan gyaɗarta ta zauna inda motocin alhazai ke sauke mutane kusa da masallaci. Ciniki dai sai a hankali, domin ba gyaɗar ce ta kai ta ba. Fuskokin mutane take bi da kallo.

Tana da tsaga uku-uku a kumatu da bille guda, amma ba ta san garinsu ba. Abin da ta riƙe na yarinta kaɗan ne: tafiya a kan jaki, teku, da mutumin da take kira Baba. A tashar jiragen ruwa ta Sawakin, in ji ta, lokacin Turawa na tsare teku saboda masu safarar bayi, duk yaron da aka gani tare da maniyyaci sai an tabbatar nasa ne. Wani Bature ya ɗaga haɓarta, ya dubi tsagarta, ya dubi ta Baba, ya ga iri ɗaya sak, ya ce su wuce. Suna sauka Jidda Baba ya sayar da ita.

Ta yi bauta a gida uku kafin a 'yanta bayi, ta auri mai jan ruwa, ta haifi ɗa guda, Tahir. Yana unguwar Aƙiƙ da iyalinsa, sai Juma'a yake leƙowa. In ta ɗauko zancen gida da Hausa, shi da Larabci yake amsawa, wai halas, abin da ya wuce ya wuce. A wurinta bai wuce ba. Burinta ta samu mai tsaga irin tata ya faɗa mata garinsu, ta aika wa dangi su ji abin da ubanta ya yi. Bayan kowace salla sai ta yi wa uban nan Allah ya isa, ta bango nake jinta, kuma tausayinta ya sha hana ni cin abinci.

Shekaru na tafiya, alhazai masu tsaga na ƙarewa. Na yanzu duk fuska sumul.

A Hajjin 1999 na kai mata ruwa, na tarar wani dattijo, Alhaji Barau, yana sayen gyaɗa. Da ta ji tsohon wanzami ne, sai ta janye mayafi ta roƙe shi ya duba. Ya sa tabarau, ya daɗe yana kallo.

"Hajiya, hannu biyu ne suka taɓa fuskar nan," ya ce.

Ya yi mana bayani cewa tsagar da aka yi wa jariri siririya ce, tare da shi take girma. Tata kuwa mai zurfi ce, an yi ta cikin gaggawa tana 'yar shekara uku ko huɗu, a kan wata tsohuwar tsaga. Ya ce ya ji daga kakansa, masu satar yara kan biya wanzaman hanya su yi wa yaro irin tsagarsu, don su wuce gaban Turawa a matsayin uba da ɗa.

"To, ta ƙasan fa? Ta wane gari ce?" in ji Inna.

"An yanka sabuwar a kanta, Hajiya. Ba ta karantuwa."

Haushin mutumin ya kama ni. Da ya ambaci Daura ko Damagaram, wa zai ƙaryata shi? Inna ta rufe faifanta muka tafi gida.

Da muka isa ta zauna a bakin ƙofa da takalmanta a ƙafa. Na zaci rashin garin ne ya dame ta, na fara ba ta haƙuri, ta ɗaga mini hannu.

"Sabuwa, shekara saba'in ina yi wa ubana Allah ya isa, ashe shi sace masa 'ya aka yi. Ina so in roƙa masa gafara, 'yar nan, ko sunansa ban sani ba."