Jinin Bareyi a Firizar Ottmar

Ranar 31 ga wannan wata za a yanke wutar gidan gandun daji na Eschenbrück, kuma idan ba a sami mai karɓa ba, kwalabe 2,311 na jinin barewa za su narke a cikin firiza biyu da ke ɗakin ƙasa. Wanda ya tara su, Ottmar Kessenich, mai bin sawun dabbar da aka harba ba ta mutu ba, ya ajiye aiki ranar Asabar da ta wuce yana da shekara sittin da tara, bayan shekara talatin da huɗu a daji. Mutum goma sha ɗaya ne suka je liyafar sallamarsa.

Aikinsa yakan fara ne daga inda na wani ya ɓaci. Da sassafe waya za ta yi ƙara, maharbi ya ce ya harbi barewa, ya ga jini a ganye, bai ga gawa ba. Ottmar ba ya tambayar laifin wa. Tambayarsa uku ce: ƙarfe nawa, a ina take tsaye, ina ta nufa. Sai ya ɗaura wa karyarsa Senta doguwar igiya, ya zuba burodi da cuku a jaka, tare da sirinji, kwalabe shida da fensir. Fensir, domin rubutun biro yana gogewa idan kwalba ta yi raɓa. Wani sawun ya ƙare cikin rabin sa'a, wani ya kai shi faɗuwar rana. Idan ya cim ma dabbar, harsashi ɗaya yake yi mata.

Maganar jini ta shigo ne shekara talatin da ɗaya da suka wuce, lokacin da wata likitar dabbobi, Dakta Wiebke Sanders, ta zo ƙungiyar mafarauta da roƙo. Tana son ta auna abin da farauta ke yi wa jikin barewa kafin ta mutu. Sharaɗinta ɗaya ne: a ja jinin cikin minti biyar da faɗuwar dabba, a rubuta yadda ta mutu da tsawon lokacin da ta yi tana gudu. Mafarauta arba'in suka ɗaga hannu. Bayan kaka biyu, Ottmar kaɗai ke aiko mata da kwalabe.

Minti biyar ɗin nan su suka raba shi da mutane. A dajin nan, idan barewa ta faɗi, maharbi yakan cire hula, ya karyo ɗan reshe mai ganye ya sa mata a baki a matsayin lomarta ta ƙarshe, a yi shiru, a busa ƙaho. Ottmar bai taɓa barin al'adar ba, amma ya sauya mata jeri. Sirinji tukuna, sannan reshe. Ekkehard Pohl, wanda ya shugabanci ƙungiyar shekara ashirin, shi ya laƙaba masa suna Likitan Gawa.

"Likita, ka bari ta ci lomarta mana," in ji Ekkehard wata rana, mutane suna tsaye da huluna a hannu. "Ko asibitin naka ba ya jiran addu'a?"

"Reshen namu ne, Ekke, don mu ji daɗin ranmu," in ji Ottmar, bai ɗago ba. "Jinin ne nata. Shi kaɗai zai faɗi yadda ta ji."

Ekkehard da kansa ya ba ni labarin abin da ya faru bayan shekara shida, kuma ya ce in sa sunansa. A wata farautar kora, irin wadda ake sakin karnuka su taso bareyi zuwa ga maharba, ya harbi wata uwar barewa tana gudu, harsashin ya karya mata ƙafar gaba. Ottmar ya bi ta yini biyu, kilomita goma sha tara, ya same ta tsaye cikin rafi. Da ya dawo gidan cin abinci na ƙauyen, inda mafarauta ke shan miyar wake da giya bayan kammala kora, sai ya ajiye kwalabe biyu a tsakiyar tebur. Jinin ya riga ya kwanta a ƙasan kowacce. Ruwan da ya taso a saman ta farko fari-fari ne, kalar kara. Na ta biyu ja ne, kamar ruwan wankin nama.

"Wannan ta Litinin ce, daga rumfar kwanto aka harbe ta tana kiwo, ba ta san an zo ba," in ji shi. "Wannan kuma taka ce, Ekke."

"To mene ne jan?" in ji Ekkehard.

"Likita ta ce ƙwayoyin jinin ne ke fashewa idan gudu ya yi yawa. Tsoka ma tana narkewa ta zuba a ciki."

Wani daga ƙarshen tebur ya ce a ɗauke musu fitsarin maras lafiya daga gaban abinci, aka yi dariya. Ekkehard ya ce shi dai bai ƙarasa miyarsa ba. Tun daga ranar bai sake harbin dabba tana gudu ba. Mutum ɗaya ke nan, kuma iyakar binciken da na yi, shi kaɗai ne.

Dakta Wiebke ta auna kwalabe ɗari shida na farko. A rahotonta mai shafi goma sha huɗu ta rubuta cewa sinadarin da jiki ke saki lokacin firgita ya ninka sau da yawa a bareyin da karnuka suka kora fiye da waɗanda aka harba daga kwanto, kuma ya fi yawa a masu rauni da suka kwana da harsashi. Ƙungiya ta karanta, ta rage kora daga sa'a huɗu zuwa uku. Haka aka yi har kaka biyar. Sai fari ya zo, ƙwaro ya cinye manyan itatuwa, bareyi suka bi dashen da aka yi suna cinye tohonsa. Masu kula da gandu suka nemi a kashe ninki biyu, kuma ba su yi ƙarya ba, dajin yana mutuwa. Kora ta koma sa'a huɗu, aka ƙara yawan ranakunta. Wayar Ottmar ta ƙara yawan ƙara.

Cibiyar da Dakta Wiebke ke aiki ta rufe sashenta shekara goma sha biyu da suka wuce, ita kuma ta rasu bayan shekara uku. Ba wanda ya gaya wa Ottmar ya daina. Ya sayi firiza ta biyu.

"Na ce masa, tsoho, wa kake tara wa?" in ji matarsa Irmtraud. "Ya ce wani zai zo. Na ce to kafin ya zo, ina zan sa kabejina? Shekara goma sha biyu ina ajiye kayan lambuna a gidan ƙanwata." Ta ƙara da cewa, "Duk ranar Lahadi sai ya sauka ya duba ma'aunin sanyi. Ko ranar da aka yi masa aikin gwiwa, ni ya aika."

Ottmar, kai ne wanda ake kira bayan maharba sun gama ɗaukar hoto da abin da suka harbo. Kai ne ka durƙusa a laka fiye da sau dubu biyu da ɗari uku da goma sha ɗaya, agogo a hannun hagu, sirinji a na dama, ka rubuta wa kowace dabba tsawon wahalarta da fensir. Mai bin sawu, wanda bai taɓa tona sunan maharbi ba sai ranar kwalabe biyun nan. Na tambaye ka ko kana ganin aikin ya canza wani abu, ka ce a'a, ka ce bana an fi bara yawan masu rauni. Ban sami lissafin da zai ƙaryata ka ba.

Mun gode maka duk da haka. Wanda ke riƙe da bindiga a dajin nan, yana da abin koyi da ba ya buƙatar sirinji: idan ka raunata dabba, ka buga waya a ranar, kada kunya ta sa ka bar ta ta kwana. Wanda kuma ke da ɗakin gwaje-gwaje da gurbin firiza biyu, litattafan da Ottmar ya rubuta bayanan kwalaben a ciki suna nan, guda tara, babu shafin da ya ɓata.

Ottmar da Irmtraud za su koma gida mai ɗaki biyu a hawa na uku cikin gari. Senta ta tsufa, za ta bi su. Har yanzu ba a naɗa wanda zai gaji bin sawun ba, kuma za a buɗe korar bana ranar 8 ga watan gobe. Ottmar ya rubuta wa cibiyoyin bincike bakwai game da kwalaben. Biyar sun ce ba su da wuri. Zuwa yammacin Juma'a, biyu ba su amsa ba.