Ƙanena Bashiru da Mutumin da Ya Goyo

Shekara tara ke nan da rasuwar ƙanena Bashiru. Yana ɗan shekara ashirin da uku aka harbe shi a yaƙin da ake yi can ƙarshen arewacin ƙasar nan, kusa da iyaka. A can aka binne shi. Har yau ba wani ɗan gidanmu da ya ga kabarinsa.

A nan unguwar Briqueterie aka haife mu. Babanmu mahauci ne, kullum da sassafe yana mayankar Etoudi, kuma burinsa Bashiru ya gaji wuƙa tunda ni na kama ɗinki. Shi kuwa tun yana makaranta ba shi da zance sai na soja. Ranar da ya ce zai zauna jarrabawar shiga soja, Baba ya ce, "Ban haifi ɗa don a rataya masa bindiga ba."

Ni na taimake shi a ɓoye. Na raka shi ofis-ofis muka haɗa takardu, muka ɓoye su a shagona ƙarƙashin yadin mutane. Da sunansa ya fito, ya durƙusa gaban Baba yana neman albarka, ya miƙa masa hannu. Baba ya kau da kai ya ce, "Allah ya tsare," ya shige ɗaki. Inna ce ta raka shi bakin titi.

Bai cika shekara biyu cikin kaki ba. Wata safiya ina yankan shadda na hango sojoji biyu suna tambayar gidanmu. Kafin su iso na riga na gane.

Bayan wata takwas wani saurayi ya zo gidan yana dogara sanda, ƙafarsa ta hagu babu daga gwiwa. Sunansa Mbarga, Kirista ne ɗan kudu. Da Faransanci ya yi magana, ni na yi tafinta. Ya ce kwanton ɓauna aka yi musu. Bashiru ya riga ya tsira, ya kai bayan wani dutse, sai ya ji ihun Mbarga. Ya koma ya goyo shi. Saura taku kaɗan su kai dutsen harsashi ya sami Bashiru a haƙarƙari.

Baba ya ce, "Tambaye shi, yaron ya sha wahala?"

Mbarga ya ce a'a, bai jima ba.

Baba ya tashi ya hura gawayi, ya gasa wa baƙon nama da hannunsa, abin da ban taɓa ganin ya yi a cikin gida ba.

Ina yawan tunanin abin da Bashiru zai ce da zai leƙo yau. Yaƙin da ya ɗauka na wata shida ne har yanzu bai ƙare ba. Abokansa na ƙwallo sun yi tumbi, wasu sun koma unguwar Ekoudou da iyalansu. Samarin unguwa suna kallon gawawwakin sojoji a waya suna hira, su wuce zuwa wani hoton. Ba na jin zai yi fushi da su. Dariya zai yi ya ce, "Yaya, ai don su samu zaman hira muka je."

Shekara shida na yi ina jin ni na tura Bashiru. Da Baba ya kwanta ciwon ajali na kasa riƙewa, na faɗa masa ni na taimaki Bashiru a ɓoye. Ya ce, "Tun ranar farko na sani. Kai ka ba shi abin da yake so. Ni hannu kawai ya nema na hana shi. Wannan nauyin nawa ne, ka sauke naka." Kwana huɗu bayan haka ya cika.

Me ya saura na Bashiru? Bai yi aure ba, bai bar gida ba, ba titin da ke ɗauke da sunansa. Amma Mbarga yana nan, yana gyaran takalma wajen unguwar Cité Verte, ya yi aure, 'ya'yansa mata biyu. Duk Babbar Sallah sai ya kwaso su sun wuni wurin Inna, har ya iya gaisuwa da Hausa. Bara babbar ta tsaya gaban hoton da ke jikin bango ta tambayi wane ne wannan sojan. Inna ta jawo yarinyar jikinta ta ce, "Baffanki ne."

Allah ya jiƙan Bashiru, ya haskaka kabarinsa.